Farin Tabo a Hoton Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun ina ƙarama sunana a bakinta "ke" ne, in kuma na ɓata mata rai, "'yar boko". Kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Har na girma na kama aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi na babban asibiti, ba ta taɓa ce min ko kanta na ciwo ba. A layinmu na Tudun Wada duk wanda ya gurɗe ko ya karye ni yake fara nema, amma uwar da ta haife ni gara ta tambayi maƙwabciya. Abin yana ci min rai, ban taɓa ɓoyewa ba.

A wata damina tari ya kama ta, ya yi mako uku bai sake ta ba. Na ce mu je asibiti, ta ce sanyin ruwan sama ne. Ashe a bayan idona ta ja maƙwabciyarmu sun hau keke zuwa wani ɗan ƙaramin wurin ɗaukar hoto ta wajen unguwar Hanwa. An ɗauke ta, aka miƙo mata hoton a ambulan, aka ce ta kai wa likita. Ba ta kai ba. Gida ta dawo, ta ɗaga hoton a hasken taga, ta karanta wa kanta.

Ni ban san an yi haka ba sai ranar wata Asabar da na je gaishe ta. Na tarar ta buɗe akwati, ta kasa zannuwanta kashi-kashi a kan tabarma. Ta rame. Abin da ya fi tayar min da hankali idanunta ne: fari fat, babu kwalli. Inna ko ranar da aka yi jana'izar Baba sai da aka tuna mata cewa mai takaba ba ta sa kwalli.

Ta turo min atamfar da Baba ya saya mata, wadda ko taɓawa ba ta bari mu yi.

"Ke, ɗauki wannan. Kuma duk abin da na yi miki, ki yafe ni."

"Inna, tafiya za ki yi?"

"Kowa ma matafiyi ne."

Na ce ba inda zan motsa sai ta faɗa min gaskiya. Muka yi ta ja. Da ta ga na cire mayafi na zauna dirshan, sai ta ɗaga gefen katifa ta zaro ambulan, ta miƙo min tana kallon bango.

"Irin na babanku ne," in ji ta. "Na gani da idona."

Baba ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa, ina ajin ƙarshe a sakandare. Inna na tsaye ranar da likita ya kafa hotonsa a jikin fitila ya nuna wani farin gajimare a gefen dama. Ita ta yi ta raka shi ɗakin gashi, inda ake harba wa ciwon wani haske da ake kira "gama", mai ƙarfin da sai an yi masa bango mai kaurin gaske yake tsayawa. Tana zaune a benci a waje, tana jan carbi. Abu ɗaya ta ɗauko daga wannan jinya ta adana shekara da shekaru: fari a hoton ƙirji mutuwa ne. Ni kuma daga wannan bencin na ƙudura karatun da na yi.

Na fita tsakar gida na ɗaga hoton sama. Ga shi kuwa, a ƙasan ƙirji ta hagu, farin tabo kamar girman dabino. Nan take na manta duk abin da na sani. Sai da na yi salati na sake dubawa da idon aiki.

Hasken da muke ɗaukar hoto da shi ratsa jiki yake yi ya faɗa kan faifan da ke baya. Inda ya wuce salin alin, kamar iskar da ke cikin huhu, wurin yakan fito baƙi. Tsoka takan ɗan rage shi, ta fito toka-toka. Ƙashi ya fi su haɗiye shi, shi ya sa haƙarƙari ke fitowa fari. Ƙari irin na ciwon daji kuwa, komai muninsa, tsoka ce, ba ya fin ƙashi fari, kuma gefensa a dagule yake. Wannan tabon na Inna ya fi haƙarƙarinta fari nesa ba kusa ba, gefensa a yanke tsaf, har da ɗan siririn wuya a sama. Abin da ke shanye haske kaf haka, a wurin aikinmu abu ɗaya na sani: dalma, ƙarfen nan mai nauyi da ake cusawa a rigar kariyar da nake sawa kullum.

Na koma ɗaki.

"Inna, da za a ɗauke ki, me aka ce ki cire?"

"Cewa aka yi duk wani ƙarfe. Na cire 'yan kunne, na cire awarwaro, har zobe."

"Riga fa?"

Ta harare ni. "Namiji ne fa mai ɗaukar. Sa'an ƙaninki. Rigarsu ta ɗaukar hoto na ɗora a kan shimina, ba wanda ya isa."

Na san shimin nan. Duk shimin Inna sai ta sa tela ya yi mata ɗan aljihu ta ciki, ta hagu.

"Me ke cikin aljihun?"

Ta sa hannu ta zaro tandun kwallinta, ɗan ƙarami na fata, wanda ta gada wurin kakarmu. Ya yi baƙi don tsufa. Na ɗora shi a kan tabon da ke jikin hoton. Ya zauna daidai, har wuyan.

Dariya ta ƙwace min, kuka ya biyo ta a baya, na rasa wanda zan fara yi. Inna ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?"

Na ce kwallinta ne aka ɗauka a hoto. Ta ce in daina yi mata wasa da hankali, tandu fata ne, kwalli kuma dutse ne da ake niƙawa, ina ƙarfe a nan? Na ce dutsen nan mai ƙyalli cike yake da dalma, shi ya sa shekara nawa ina faɗa da ita kan ta daina ɗura wa jikokinta a ido. Ta ce ai ta san za a zo nan, 'yar boko ba ta taɓa ƙaunar kwallin nan ba. Amma na ga ta ƙura wa hoton ido, ta ɗaga tandun, ta mayar, ta sake ɗagawa.

Ban bar maganar a nan ba, don tarin gaskiya ne. Ranar Litinin na kai ta wurin aikinmu. Na roƙi abokiyar aikina mace ta ɗauke ta, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa riƙe da shimi da tandu kamar mai gadi. Likita ya duba sabon hoton, tabo ya ɓace. Ya ce sanyi ne ya sauka a ƙirji, ya rubuta magani na kwana bakwai. Ya tambaye ta ko ni 'yarta ce. Ta ce, "Haka suke faɗa."

A keke muna komawa, mun wuce unguwar Kongo. Tandun na cikin tafin hannunta tana juya shi. Can ta yi magana a hankali, ba tare da ta dube ni ba.

"Ina ma a ce na babanku ma tandu ne."

Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, ita ma ba ta janye ba har muka iso ƙofar gida.

Washegari na biya da safe in ga ko ta sha magani. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, idanu raɗau da kwalli. Ranar ban ce komai a kan dalma ba. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ke, atamfar nan da na ba ki, ki dawo min da ita. Akwai suna ranar Juma'a."