Yadda Na Kashe Dodon Sabon Gari

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka sauko, kowa a Kano yana jin kansa Alhaji, ina saurayi ina ɗinki a Fagge. Keken ɗinkina na jingine da na abokina, kwano ɗaya muke ci.

Wata rana na kai rediyon mahaifiyata gyara Sabon Gari, wurin wani mutumin Gabas haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. A kusurwar shagonsa na ga wani akwati mai tsayin mutum, da fuskar talabijin. Ka jefa sule, sai wani dodo mai fuka-fuki ya fito yana feso wuta, kai kuma kana juya ɗan mutum mai mashi. Kore shar nake ganin dodon, ashe leda ce aka manna a gilashin.

Wata uku ina zuwa. Ban taɓa kashe shi ba, amma ni na fi kowa daɗewa a gabansa, har samari suka sa mini suna Sarkin Dodo. Sunan ya shige ni, har tafiyata ta canja.

Sai bakina ya ja mini, na kai abokina ya ga bajintata.

Mutumin da zare ke gagararsa shiga allura! Cikin sati biyu ya gano cewa dodon yana ɗaga wuya kafin ya feso wuta. Ni da na gano wurin, na koma mai riƙe masa hula. Ina murmushi, amma wallahi ba har zuci ba.

Ranar wata Asabar da la'asar shago ya cika. Abokina ya soki dodon sau biyu, saura ɗaya. Mai shago ya ajiye aikinsa yana cewa, "Kai! Yau za mu ga abin da ke bayan dodon nan. Malam tela, kar ka ba mu kunya!"

Ina tsaye jikin bango, wayar akwatin na kusa da ƙafata. Na ce a raina, ai ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Na sa ɗan yatsan ƙafa na fizge ta.

Tartsatsi ya tashi, gilashi ya yi baƙi, warin ƙuna ya cika shagon. Na riga kowa ihu: "Sun ɗauke!"

Ga fanka can sama tana ta juyawa abinta.

Allah Ya rufa mini asiri, mai shago ya ɗora laifin a kan akwatin. Ya buɗe bayansa, ya yi wata guda yana fama, babu kayan gyaransa ko a Legas. Daga ƙarshe a kansa yake jera rediyoyi. Ban faɗa masa ba har ya bar gari, wannan yana ci mini rai har yau. Na gane a lokacin gara kowa ya rasa da in ga abokina ya samu, kuma ban ji daɗin sanin kaina haka ba.

Bayan shekara talatin, a bikin 'yar abokina, na yi ta maza na faɗa masa. Ko ɗagowa daga kan shinkafarsa bai yi ba.

Ya ce, "Ai a gilashin na hango ƙafarka."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Da na yi magana a ranar, da wa zan ci tuwo?"