Ranar da Malam Ya Wasa Haƙoran Inji

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, mai wasa wuƙa ne a unguwar Nima. Ko cokali ka ajiye kusa da shi, sai ka dawo ka tarar yana yanka.

Ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa, ya samu aiki a wani shagon sassaƙa ƙarfe a Alajo. Iyayen yarinyar da yake nema a Maamobi sun ce in aikin ya zauna, aure ya zauna. Mastansa, mai shagon, ya kawo inji daga Turai mai kwamfuta a jiki, da haƙoran yanka jere, kowanne da lambarsa. Ɗana ya ce mini an gaya wa kwamfutar tsawon kowane haƙori, ta riƙe, ba ta sake dubawa. Na ce irin uwar mijina ce ke nan, abin da ta ji ran farko shi ne gaskiya har kabari.

Jajibirin Babbar Sallah ƙafata ta kumbura, na aiki Malam ya kai wa ɗana waakye, shinkafa da wake, a shago. Tun safe ya gama da wuƙaƙen unguwa, hannu na masa ƙaiƙayi. Ya tarar sun tafi azahar. Ga haƙora, ga dutsen wasa. Bai bar ko ɗaya ba.

Haƙora sun rage tsawo, kwamfuta ba ta da labari. Ƙarfen wani mai trotro, motar haya, ya fito ya ƙi shiga gurbinsa. Masta ya ce ɗana ne ya taɓa lambobi, ya kwashe kayansa ya bar shagon.

Ɗana ya shigo gida fuska a murtuke. Malam ya ce, "Ka ga goron sallar da na bar maka?"

"Baba, wane goro?"

"Haƙoran nan. Yadda na same su, ko akuya ba za su yanka ba."

"Baba, ka rage musu tsawo."

"Ita kwamfutar makauniya ce?"

"Makauniya ce, Baba."

"To da kun ɗaukar mata ɗan jagora."

Na ce, "Malam, sa babbar riga."

Bayan sallah ya je da ƙafar rago a hannu, ya faɗa wa masta gaskiya da bakinsa. Aka auna haƙora ɗaya bayan ɗaya, aka sake gaya wa makauniya. Masta ya mai da ɗana, da sharaɗin ubansa ba zai ƙara tsallake kwatar ƙofar shagon ba.

Aka ɗaura aure. Waakye kuwa, ni na ci gaba da kaiwa, da kumburin ƙafata.