Yadda Auna Sabis Ya Kusa Sa A Ƙone Ni A Bayan Romi

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kai, ina zaune a Kamazou, sana'ata gyaran intanet na shaguna da ofisoshi. Abin taƙamata wata manhaja ce a wayata mai auna ƙarfin sabis, tana nuna ko na'ura ce ta lalace ko layi ne ba ya kawowa. In ta nuna kore akwai sabis, in ta nuna ja babu. Wallahi na fi yarda da ita fiye da mutane, gaisuwa ma ɓata lokaci na ɗauke ta.

Wata Madam 'yar Binuwai mai shagon POS a wata sabuwar unguwa can bayan Romi ta kira ni, wai injinta sai ya yi ta juyi har kwastomomi su gaji su tafi. Na auna injin, lafiyarsa lau, sabis ne ba ya isowa shagon. Na ce mata zan zaga in gano inda ya fi ƙarfi don a kafa eriya. Ta roƙe ni in jira ta rufe shago ta kai ni wurin mai unguwa tukun, domin ba a daɗe da sace wani magidanci a unguwar ba, kowa a tsorace yake. Na yi dariya na ce mata ni ba sarauta na zo nema ba, na fice abina.

Ku duba fa yadda nake: baƙo, waya a sama, in tsaya a ƙofar wannan gida in juya, in matsa ƙofar wancan in daddanna. Idona na kan ja da kore, ban ko lura ana bin bayana ba. Sai wata mata ta kurma ihu wai ga infoman masu garkuwa yana ɗaukar hoton gidaje. Kafin in buɗe baki gora ta sauka a ƙeyata. Mutanen unguwar suka yi mini caa, mai katako, mai dutse, mai bel. Na ji haƙorina ya fita, jini ya rufe mini ido, ina ta rantsuwa ba mai saurare.

Wani dattijo ya ratsa su ya ce a dakata, in har gaskiya nake faɗi in kira wanda ya kawo ni. Aka miƙo mini wayar, na danna lambar Madam. Shiru. Na sake, shiru. Manhajar na nan buɗe, ja wur, babu sabis ko ɗigo a wurin. Abin da na zo gyarawa ke nan, amma wa zai tsaya ya fahimta? Suka ce ai ga shi ƙarya ta ƙare. Wani ya ɗaga bulo ya sauke a hannuna na dama, na ji ƙasusuwan sun ruguje. Aka rataya mini taya, na ji warin fetur, na sallama.

Hayaniyar ce ta jawo Madam. Ta zo da gudu ba takalmi ta faɗa kaina, tana kuka tana cewa ita ta kira ni, in za a ƙone ni sai dai a haɗa da ita. Dutse ya fasa mata goshi kafin su ja baya. Ita ta sa ni a Keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

Har yau ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba, kuma ina roƙon jama'a su daina yanke hukunci a titi. Amma 'yan uwana masu wannan aiki, don Allah kada ku ɗaga waya a unguwar da ba a san ku ba sai kun gai da manya, an haɗa ku da ɗan unguwa. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa, na bar sana'ar. Wannan wasiƙar ma da hannun hagu na rubuta ta.