Gomiya Tara

Kakata, wadda muke kira Iya, ba don nishaɗi take tatsuniya ba, don mu yi shiru ne ta samu ta miƙe ƙafa. Wuni take a bakin kasuwar Kilomita Biyar tana suyar makala, wato fanken garin nan. In ta dawo bayan magariba sai ta zauna gaban murhun gawayi tana murza gwiwa, mu jikoki mu kewaye ta.

Wata rana na dawo daga makaranta tafin hannuna a kumbure saboda bulala. Malam ya ce a raba "quatre-vingt-dix" gida uku da ka, ban da alli. Ni kuwa a kalmar nan ta Faransanci ina jin huɗu, ina jin ashirin, ina jin goma, na rasa wanda zan kama. Ya ce in na sake faɗuwa zan maimaita aji. Baba kuma ya riga ya ce wanda ya maimaita ya bar boko ke nan. Tsoro ya hana ni cin tuwo.

Iya ta dube ni ta ce, "Maigida, Nasara ne ya cukurkuɗa maka. Casa'in ce. Uwata ma gomiya tara take cewa."

Sai ta ja tatsuniya tana hamma. Wai wata zabuwa ce ta samo gyaɗa casa'in, 'ya'yanta uku. Ta shiga rabo ɗaya-ɗaya, naka, naki, naka. Kafin ta kai tsakiya lissafi ya ɓace, ta koma farko, har 'ya'yan suka fara kukan yunwa. Kunkuru ya zo wucewa, ya ce ta tsiba su goma-goma. Tsibi tara, baki uku.

"Kowa nawa?" in ji Iya.

Na ce tsibi uku. Gomiya uku. Talatin ke nan. Na ɗago in ji sauran, ashe barci ya ɗauke ta a zaune. Har yau ban san yadda zabuwa ta ƙare ba.

Na wuce ajin. Har yanzu in aka ce ɗari biyu da arba'in gida shida, gomiya ashirin da huɗu nake gani, kowa huɗu.

Mu jikokin Iya talatin ne. Shekarar da gari ya rikice manyan motoci suka raba mu gida uku: wasu Kamaru, wasu Cadi, sauran muka zauna. Rabon bai fita daidai ba, ni ma na gaji da ƙirga wa ke ina. Iya ta rasu ba ta koya mini yadda ake mayar da tsibi wuri ɗaya ba. Ina jin a ƙarshen tatsuniyar yake, inda barci ya ɗauke ta.