Muryar Uwar Adama a Wayar Sista

Ƙarar cokali a bakin kwalbar magani ce ta tono mini wannan labari. Ina ba autata maganin tari, cokalin ya yi ƙwal, sai na tuna da wata safiya da har gobe ba ta bar raina ba, lokacin ina atenda a ɗakin yara na wani asibiti a nan Bauchi, kafin in ajiye aiki in zauna gida. Ku da kuka kama aikin yanzu, ku saurara.

Aikin atenda dai kun san shi: gyaran gado, sauya zani, da tura yaro zuwa ƙofar tiyata. A wannan ƙofa ake shan wahala, don nan ake raba yaro da nasa. A da, maganin ruwa ake ba shi a cokali kafin a tafi, jikinsa ya mutu, ya isa yana gyangyaɗi. Daga baya likitan sa barci ya fara gwada wata hanya: a ba yaro waya ya kalli katun har a ɗora masa robar hanci mai iskar sa barci. Ni abin ya ba ni mamaki ƙwarai, yadda waya za ta tsaya a madadin magani. Kullum sai in zura ido in ga wanda za ta yi wa aiki da wanda ba za ta yi wa ba.

A safiyar da nake faɗa aka kawo Adama daga Tirwun, yarinya 'yar shekara shida ko kusa, 'yar Fulanin da suka zauna gari. Hakin wuya ne ya toshe mata maƙogwaro, ko barci take sai numfashi ya riƙa sarƙewa. Likita ya yi wa Sista Rifkatu, shugabar ɗakinmu, bayani cewa ba ya son ba mai irin wannan numfashi maganin cokali, kada ya ƙara danne mata shi. Kuma ba ya son a shiga da ita tana fizge-fizge. In ba ta natsu ba, sai a ɗaga aikin. Mahaifinta kuwa ya riga ya faɗa, in aka ɗaga ba zai dawo ba, wajen wanzami zai kai ta a yanke.

Sista ta miƙa mata waya. Adama ta ga wani ɓera sanye da wando yana magana, ta ture wayar ta ƙara kuka. Aka sauya wasan tseren motoci, ko kallo bai ishe ta ba. Kakarta ta wajen uba ce ke riƙe da ita, tana ta lallashi. Uwar kuwa tana zaune a gefe, ta juya kai wajen taga.

Sista ta raɗa mini, "Wannan wace irin uwa ce, 'yarta na kuka tana kallon bishiya?"

Na ce mata Adama 'yar fari ce. A al'adarsu, saboda kunya, uwa ba ta faɗin sunanta, ba ta nuna mata kulawa a gaban mutane, balle a gaban surukarta. Amma na lura gefen mayafinta ya jiƙe, ta murɗe shi a hannu kamar za ta yaga. Sista ta juya wayar a hannunta, sannan ta tambaye ni ko kunyar tana bin mutum har inda ba kowa. Na ce wallahi ban sani ba, amma mu gwada.

Na kira uwar da sunan ta zo ta karɓi zanin 'yarta. Na kai ta ɗakin ajiyar kaya, na danna wurin ɗaukar murya a wayar Sista, na ce ta faɗa wa yarinyar abin da ke ranta. Na fita na ja ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta ajiye wayar a kan tebur ta wuce.

Muka ɗora Adama a gadon turawa, na kanga mata wayar a kunne. Da Fulatanci aka yi maganar, ban ji komai ba sai amon muryar, a hankali, tana ɗan rawa. Kukan ya koma shessheƙa. Ta kama wayar da hannu biyu. Da muryar ta ƙare ta dube ni, na sake kunnawa. Haka muka wuce ƙofar, har likita ya ɗora mata robar, bai ce a cire wayar ba. Na fito ina ta salati.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Tun ranar na daina tambayar wanne ya fi, waya ko magani. Wani yaron magani ne gatansa, wani katun. Na koma tambayar mene ne yaron nan yake son ji, kuma a bakin wa.

Da rana, bayan Adama ta farfaɗo sosai, na zo sauya mata zani. Maƙogwaron na ciwo, murya ba ta fita, sai da na sunkuya. Ta kama bakin rigata ta ce, "Anti, ashe Inna ta san sunana."