Kwanon da Ya Fitar da Baba Yawo

Ranar Asabar ta farko a hutun tsakiyar shekara, ina aji huɗu, na tashi na tarar da Baba a falo cikin farwa, rigar nan mai gashi a ciki da ake sawa da sanyi, ya rungume butar shayi kamar wani zai ƙwace masa. Waɗanda suka san Madina da zafi ba sa yarda idan an ce tana sanyi. Tana yi, kuma da sassafe ya fi cizo. Umma ta fito daga kicin da kwanon samira ɗaure cikin ɗankwali, ta miƙa min, sannan ta ce, "Malam, raka yarinyar nan ta kai wa Hajiya Kaltume kunu. Ba na son ta tafi ita kaɗai."

Baba direban motar makaranta ne, muna haya a unguwar Ranuna. Ana gab da hutu likita ya ce sugansa ya hau, idan bai riƙa tafiya a ƙasa kullum ba abin zai taɓa masa ido. Direban da idonsa ya taɓu ba shi da aiki, marar aiki ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, mu kuwa duk a inuwar iƙamarsa muke. Baba ya san wannan sarai, amma ya ce shi da girmansa ba zai riƙa zaga titi hannu rabbana ba, sai 'yan uwa su ce an sallame shi daga aiki. A wurinsa tafiya sai da dalili. Ga hutu ya zo, ga sanyi, ga ƙanin Umma ya iso Umra da alkaki da dakuwa cike da jaka. Shi ya sa Umma ta ƙirƙiro dalilin, ta zuba shi a kwano.

Sai dai ta manta da halin mutanenmu. Ba a mayar da kwano wayam, ba a kuma barin baƙo ya tashi da busasshen baki. Hajiya Kaltume 'yar Chadi ce, shayinta sai ka rantse zuma aka dafa. Duk gidan da muka shiga haka: shayi, dabino, "Malam, ƙara ɗaya don Allah." Baba mutum ne mai kunya, ba ya iya ƙin mutane. Da mako ya zagayo ya yi tafiya sosai, kumatunsa ma sun yi tasu tafiyar.

Umma ta tsare ni a kicin, na zayyana mata komai har da kofi na uku. Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta ce daga yau kunun na Malam Idi ne, wani dattijo ɗan Damagaram mai gadin gonar dabino a unguwar Awali, ba shi da iyali a nan. Wurinsa ya fi ko'ina nisa, kuma yana da wani hali da ya dace da umarnin likita: mutum ne da ke kwana cikin dabino amma bai taɓa miƙa wa baƙo ƙwaya ɗaya ba. "Amana ce," in ji shi, sai ya ba ku ruwa.

Wannan hanyar ita ce hutuna. Mukan bi gefen dogayen katangu, ganyen dabino na leƙowa ta sama, injin ban ruwa na tari daga ciki, ƙamshin na'ana'a na biyo iska. Ina tsallake kwata ina harbin gwangwani, kyanwoyi na watsewa. Baba yana tafe a baya da carbi, yana ba ni labarin gonar geron mahaifinsa da Hausa, ni ina amsa masa da Larabci, yana gyara min ba gajiya. Kwanakin farko yakan tsaya ya dafa katanga, wai yana duba ginin. Daga baya ni nake cewa ya jira ni.

Ana saura kwana biyu a koma makaranta mura ta kwantar da Umma, ba a dama kunu ba. Na ja bargo ina murna. Sai ga Baba da takalminsa a ƙafa, ya ɗaure kwanon da kansa, ɗauri irin na maza. Da na karɓa na ji shi sakayau.

"Baba, ai ba komai a ciki."

"Riƙe shi da hannu biyu, ya binti," ya ce, wato 'yata da Larabci. "Wa zai buɗe?"

Bayan hutu ya ci gaba da fita da la'asar, shi da kwanonsa, wani lokaci da kunu, wani lokaci da iska. Sugan ya sauka. Ya yi tuƙi har ya ajiye don kansa, da idonsa garau ya koma gida.

Yau wasu katangun sun zama gidaje, Malam Idi ya rasu, Baba ma haka. Ni kuma idan hutun sanyi ya zo nakan je ɗakin motsa jiki na mata, in hau inji in yi ta tafiya ba na zuwa ko'ina, hannu rabbana, daidai abin da Baba ya guje wa. Kwanon yana saman kabad ɗina, bakinsa ya ɓantare. Har yanzu idan na sauko da shi, da hannu biyu nake riƙewa.