Haƙoran da na zaɓa wa bayan motata

Motar ta zo hannuna ne daga wani Bature da na daɗe ina yi wa direba a unguwar Ma'adi, a Alƙahira. Da zai koma ƙasarsu ya ce ba zai bar ta a hannun wanda bai san halinta ba. Tsohuwar motar Amurka ce mai ƙofa biyu, gabanta dogo, injinta silinda takwas, giyarta mai canja kanta, hawa uku kacal. Shi ranar Juma'a da safe kawai yake fito da ita, lokacin da titunan Alƙahira suke wayam. Ya taka totur ta zabura, ya yi dariya, ya mayar da ita gareji. Ni kuwa ba ni da wata. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake ɗauko buhun shinkafa, da ita nake kai maman yara asibiti.

Shekarar da babbar 'yata ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Sitta Oktoba, can bayan gari, ni ma aikina ya koma wani sito a can gefen. Sai muka riƙa fita tare daga Abbasiya kowace safiya. Tun tana firamare ban samu zama da ita irin wannan ba. A gida tana ɗaki da littattafanta, ni kuma in na dawo na gaji. Motar ce ta zama zaurenmu.

Hanyar kashi biyu ce. Na farko cunkoso ne a kan gada, inda mota take rarrafe. A nan muke hira. A lokacin na fara koyon karatu wurin wani ɗalibi ɗan Katsina bayan la'asar, sai ta riƙa nuna mini allunan talla in karanta, in na yi tuntuɓe ta gyara mini. Kashi na biyu shi ne inda hanya take buɗewa zuwa sahara. Da zarar na kai gudun da kowa yake yi, sai injin ya cika motar da ruri. Ƙarar tana shigowa ta ƙasan kujera, tana hawa har cikin haƙoran mutum. In ta yi magana bakinta kawai nake gani yana motsi. In na amsa sai na yi ihu kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Daga baya muka daina gwadawa. Mu isa ƙofar jami'a, ta sauka tana dafe da goshi.

Wata safiya muna tsaye a kan gadar ta ce, “Baba, zan faɗi wata magana, amma kada ka ji haushi.”

Na ce, “Faɗi, uwata.” Sunan mahaifiyata ta ci, haka nake kiran ta.

“Farkon wata mai zuwa zan yi rajistar bas ɗin makaranta. Wallahi kullum da ciwon kai nake shiga aji. Darasin farko ba na fahimtar komai.”

Na ce to. Gaskiya ta faɗa. Amma na san idan ta shiga bas ɗin nan, shi ke nan. Za ta gama karatu, ta kama aiki ko ta yi aure, ni kuma in ci gaba da gaishe ta a bakin ƙofar ɗaki. Saura mako uku da 'yan kwanaki watan ya ƙare.

Na riga na canja salansa tun bara, na sa mai laushin murya, abin bai ragu sosai ba. Na san matsalar ba a bututun hayaƙi take ba, injin ne yake juyawa fiye da yadda tafiyar take bukata. Na je wurin makanikena a Hirafiyin, unguwar masu gyaran mota. Bamisire ne dattijo, kowa usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, ya san motar tun tana hannun Baturen, kuma yana son ta kamar shi ya haife ta. Ya ɗaga bayanta a jak, ya kwance murfin aksil, man ya tsiyaye, ya haska mini ciki. Akwai babban faifai mai haƙora, Misirawa kurona suke ce masa, da ƙaramin da yake juya shi, binyon. Farfelar da ta taso daga giya ita take juya ƙaramin, ƙaramin ya juya babban, babban ya juya tayoyi.

Usta ya shafa faifan da yatsa ya ce, “Ni na sa wannan da hannuna. Arba'in da ɗaya a babba, goma a ƙarami. Farfela ta juya sau huɗu da ɗan ƙari, taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa in ka taɓa totur take tashi kamar an tsikare ta.”

“Shi ya sa kuma take kuka a hanyar sahara.”

“Kuka? Ya Hajj, wannan waƙa ce. Mutane daga nesa suke zuwa su ji.”

“Su ba a ciki suke zaune ba.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Na gaya masa ina so a canja haƙoran, a sa waɗanda za su bar injin ya huta. Ya ajiye fitilar ya riƙe kai. Ya ce na zo da zaki ina so a mayar mini da shi kyanwar gida. Ya ce in motar kai yara makaranta nake so, ga su nan cike da titi kamar kwalin ashana, in je in ɗauki ɗaya. Ya kira maƙwabcinsa mai fenti ya zo ya ji abin da Bahaushe yake shirin yi. Na bar su suka gama. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, aka kawo shayi, na sha.

Da ya huce ya lissafa mini abin da ake iya samu a kasuwar tsofaffin kaya: mai juyi uku da rabi, mai uku da ɗan kaɗan, da mai ƙasa da uku. Ya ce in dai dole ne, in ɗauki uku da rabi, ko a ce motar ta tsira da mutuncinta. Ya ce in zo ranar Juma'a da hantsi, akwai wani abokin cinikinsa mai irin wannan, mu hau titin bayan filin jirgi in ji yadda take tashi.

A nan na gane inda muka bambanta. Duk masu irin motocin nan a garin, da makanikansu, da Juma'a suke auna mota. Titi babu kowa, a tsaya cak, a taka, a ga wadda ta riga. Wanda ya zaɓi haƙora da wannan awo zai zaɓi na Juma'a. Ni kuwa motata ta Lahadi ce zuwa Alhamis, ranakun aiki a Masar. Na ce masa ya ba ni kwana biyu, zan dawo masa da amsa.

Washegari da muka sauka daga gada na ce wa 'yata, “Yau aiki zan ba ki. Kin ga wannan agogon na hagu, mai nuna juyin inji? Ki sa masa ido. Ki yi ta magana da muryar da kike yi a falo, kada ki ɗaga. Zan riƙa ƙara gudu a hankali. Inda na ce na daina jin ki, ki gaya mini inda allurar take.”

“Me zan ce?”

“Ko me. Karanta mini abin da za ku yi yau.”

Ta buɗe littafi ta fara karanto sunayen ƙasusuwan hannu. Na koma layin dama na riƙa hawa sannu a hankali. Allura tana kan dubu biyu, ina jin ta sarai. Dubu biyu da ɗari biyar, ina ji, har da inda take jan numfashi. Da ta doshi dubu uku sai kalmomin suka fara nutsewa. Da na kai gudun ɗari, wanda shi ne gudun hanyar, allura ta haura dubu uku da ɗari uku, babu abin da ya rage sai ruri. Na sauko, muka sake, abin bai canja ba. Manyan motoci suna ta danna mini oda a baya, wani direban tirela ya leƙo ya tambaye ni ko jana'iza nake rakawa. 'Yata ta yi dariya har littafin ya faɗi.

Lissafin ba shi da wuya, ni kuma tun kafin in san baƙi na san lamba. Ina so in yi gudun ɗari allura tana kan dubu biyu da ɗari biyar. Wato in rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na juyin. In ka cire kashi ɗaya cikin huɗu daga huɗu da ɗan ƙari, uku da ɗan kaɗan ya rage. Uku da rabin da usta yake so zai ajiye ni daidai inda muryarta take fara nutsewa, in yi wahalar banza.

Da na faɗa a gida, maman yara ta ce, “To ka ɗauki na ƙasan mana, wanda ya fi duka shiru. Kai da ba tsere kake yi ba.” Na so in bi maganarta. Amma akwai wata doguwar motar Amurka mai ƙofa huɗu a garejin usta da take da irin waɗannan haƙoran, na roƙa aka ba ni na zagaya da ita da rana tsaka, lokacin cunkoso. A miƙaƙƙen titi kamar kana kan katifa. Sai da na zo hawa gada, inda dole ka shiga tsakanin ƙananan bas-bas ɗin haya. Direbobinsu ba sa ba ka hanya, sai dai su yi sakaci na ƙiftawar ido, in ka shiga ka shiga. Na taka, motar ta tsaya tana tunani, kafin ta yunƙura gurbin ya rufe, na bayana yana zagin kakannina. Na dawo na miƙa makulli. A Alƙahira mota tana bukatar ɗan zafin rai, ko da mai ita ba shi da shi.

Na ce wa usta, “Uku da ɗan kaɗan. Arba'in a babba, sha uku a ƙarami.”

“Ka yi istihara dai?”

“Na yi gwaji.”

“Wa ya gwada maka?”

“Likita,” na ce. “Tana shekarar farko.”

Ya yi tsaki, amma ya aika aka nemo. Sai da aka yi kwanaki kafin a samu mai lafiya, don na farkon da aka kawo haƙoransa sun cinye a gefe, na ce a mayar. Na biyun ya zo da gidansa gaba ɗaya. Duk mitar da usta yake yi, aikin bai yi masa ha'inci ba. Ya shafa wa haƙoran rawayan fenti, ya juya, ya duba inda suke cizon juna, ya kwance, ya ƙara siririn zoben ƙarfe, ya sake ɗaurawa, har sai da tabon ya zauna a tsakiya. Ya canja ɗan ƙaramin haƙorin da yake juya agogon gudu, don kada ya riƙa yi mini ƙarya kyamarar hanya ta kama ni. Da ya gama ya nannaɗe tsofaffin a tsumma ya sa mini a but.

“Ajiye su. Wata biyu na ba ka, za ka dawo kana roƙo na.”

“In na dawo ka ƙi ni.”

“Zan ƙi ka kuwa. Yalla, tafi da kyanwarka.”

Ya ce in bi ta a hankali kwanakin farko har haƙoran su saba da juna. Na yi hakan ni kaɗai, 'yata tana bin wata ƙawarta. A bakin danja na ji bambancin, ba zan ɓoye ba. Da can in na saki birki sai ta finciko ni, yanzu sai ta ɗauke ni. Wani yaro a ƙaramar mota ya tsaya gefena yana wasa da totur, ya riga ni tashi, ya ɗago mini hannu. Na ɗaga masa ni ma. Amma a hawan gada, da na taka sosai, ta sauke giya ta shige gurbin kafin direban bas ya farga. Wannan ya ishe ni.

Ranar da 'yata ta dawo shiga motar saura kwana biyu wata ya mutu. Ban ce mata komai game da bas ba. Muka rarrafa a gada, muka sauka, hanya ta buɗe. Na kai ɗari. Injin yana gurnani can ƙasa, kamar mai barci. Muka kasa kunne mu duka.

“Baba, mene ne yake ƙaras-ƙaras a ƙofar nan?”

“Wace ƙofa?”

“Tawa. Ga wani kuma a baya, kamar cokali a kwano.”

Ashe motar cike take da ƙananan ƙararraki da rurin ya rufe shekara da shekaru. Muka yi ta nemo su ɗaya bayan ɗaya, tana danna nan tana danna can. Daga nan ta gyara zama, ta tambaye ni yadda aka yi na baro garinmu na zo Masar tun farko, ta ce ba ta taɓa jin labarin daga bakina ba, kullum gutsi-gutsi take ji wurin mamanta. Na fara mata daga motar shanun da na bi ina ɗan shekara sha tara. Ina cikin ba ta labarin yadda muka kwana uku a kan iyaka, ta taɓa hannuna.

“Baba, ka wuce kwanarmu.”

Na duba, na wuce ta da nisa. Sai mun je gaba sosai kafin a samu wurin juyawa.

“Za ki makara.”

“Ma'alish, ba komai, malamin farko ba ya kiran suna. Ci gaba. In bai ƙare yau ba ka ƙarasa mini gobe, da jibi, har sabon wata. Amma a gyara ƙofar nan.”

Na kunna sigina na koma layin hagu, na ɗora daga inda na tsaya.